Bashe Marar Tari

Shekara talatin da ɗaya ina tuƙi
tsakanin Tawa da Agadas,
kunnena shi ne bakanikena:
in inji ya yi tari, na san ƙura ce,
in ya yi gurnani, na san mai ya ja baya.
Yau ga ni a kujerar ɗan rakiya
cikin bashen ɗiyata Tsahara,
mota marar tari, marar hayaƙi,
mai kwana tana shan kuran kamar salula.

Tun asuba muka yi lodi.
Tanti a naɗe, tabarmi biyu, gidan sauro,
jarka huɗu, kilishi, albasar Galmi,
da ƙullin gawayi
wanda na cusa ƙarƙashin bargo, don ban yarda ba.
Na buɗe gaba in duba mai da ruwa,
sai na tarar da rami wayam.
Ta ce, Baba, nan ne wurin takalmanka.
Na yi shiru, na koma baya,
na ja igiya, na yi ƙullin da na sani.
Wannan dai kuran bai ƙwace mini ba.

Muka bar gari, ba wanda ya waiga.
Wani jaki a tsakiyar hanya
ya dube mu kamar masu bin bashi,
bai gusa ba sai da na leƙa na yi masa tsawa.
Allo ya ce tamanin da huɗu.
Ni kuwa ina ƙirgawa a ciki
kamar mai awon hatsi a watan bakwai.
Da muka sauka daga kwalta
rairayi ya cinye goma sha ɗaya, ko godiya babu.

Tabalak. Ruwa kwance, balbelu tsaye.
Iska ta ɗauke tanti sau biyu
kafin turaku su kama ƙasa.
Magariba ta yi, ta soka waya a ƙugun mota,
fitila ta kama, buta ta tafasa
tun ban gama alwala ba.
Na kurɓa, na ce, shayi ba ya son gaggawa.
Na fito da gawayina. Ta yi dariya:
ai na gani tun a gida.

Wani masunci, Kadiri, ya biyo haske
da salula uku matattu a aljihu.
Muka ba su nonon mota suka sha.
Ya tafi, ya dawo da tarwaɗa biyu.
Ban taɓa ganin mota ta yi kamun kifi ba
sai ranar.

A da, ƙarar inji ce mafakata.
In magana ta yi nauyi, sai in taka mai.
Nan babu inda zan ɓuya.
Kwaɗi kawai, da garwashi,
da Tsahara tana juya kofi a hannu.
Ta ce, Baba, an kira ni aiki Yamai.
Bayan salla zan tafi.
Na daɗe ina hura wutar da ba ta mutu ba.
Sannan na ce, can akwai wurin ba motar abinci?
Ta ce, akwai.
Na ce, to.
Kofi na uku, mai zaƙi, ya huce a tsakaninmu.

Da safe raɓa ta jiƙa tanti, ya ƙara nauyi.
Allo ya ce talatin da takwas.
Ta zagaya, ta zauna a wurina.
Na kama sitiyari.
Ƙafar hagu tana laluben abin da babu,
hannun dama ya kai wa giya cafka, ya kamo iska.
Muka hau kwalta.
Na ji tsakuwa ƙarƙashin taya,
na ji jarka tana kaɗa sauran ruwa,
na ji ɗiyata tana numfashi, ta yi barci.
Ban taɓa jin wannan a mota ba.
Na rage gudu,
ba don batir ba.